Ki Nemi Bidiyon, Kyauta Ne

Na daɗe ina ɗaura wa amare gwaggwaro a Fagge, sai ranar nan na ga ya kamata duniya ta amfana da ni. Na kafa waya, na koyar da ɗaurina daki-daki, na saka a intanet kyauta.

Maƙwabciyata Iya Basira ta riƙe haɓa. "Hajiya, abincinki kike rabarwa?"

"Talla ce, Iya. Gobe layi za ki gani a ƙofata."

Bidiyo ya zaga gari, layi shiru. Ashe tsabar zumuɗi ban faɗi sunana ba, kuma hannuwana kaɗai suka fito.

A wani biki a Sabon Gari, wata budurwa ta ƙare wa kaina kallo, ta ce cikin tausayi, "Mama, kin yi ƙoƙari, amma ba haka ake yi ba. Akwai bidiyon wata mata, ki nema ki koya. Kyauta ne."

Iya Basira na gefena. Ita ta baza labarin, kuma shi ya kawo min layin nan. Sai dai duk amaryar da ta zauna gabana sai ta ce, "Hajiya, kin dai kalli bidiyon ko?"