Binciken Munzali a Gidan Alimatu

"Ni daga bakin ƙofa nake jiyo warin maƙaryaci," in ji Munzali, ranar da ƙungiyar Hausawan unguwarsu a Doha ta naɗa shi jami'in walwala. Direba ne fa, amma in ka gan shi da biro uku a aljihu sai ka rantse alƙali ne.

Da can, wanda ya rasa aiki sai a riƙa kai masa kwalin abinci duk wata, shi ke nan. Sabuwar doka ta ce a'a, sai an je gida an duba, an ɗauko hoto. Gogan naka ya ce ai dama shi aikin yake jira.

Ya fara da Alimatu, 'yar Zongo, wadda ke zaune a unguwar Old Airport. Mijinta wata huɗu ba aiki, ga yara uku, kwalin nan da shi suke rayuwa. To amma ka san mutanenmu da baƙo. Baiwar Allah ta ji babban mutum zai zo, ina za ta yarda ya tarar da tukunya a kife? Sarkin bincike na shiga ya ga darduma mai laushi, ga kuloli a jere, ga kaji. Ya naɗe hannun riga ya yi musu kaca-kaca, ya yi gyatsa, ya ɗauki hoton ƙasusuwan, sannan ya soke sunanta daga jerin masu karɓar kwali. Ko kunya babu.

Ranar Juma'a a taron ƙungiya ya miƙe yana hura hanci, yana nuna hotuna. Alimatu na ɓangaren mata, kai a sunkuye, gwanin tausayi.

"Wannan ce mabuƙaciya? Wallahi shekara goma da aure, matata ba ta taɓa yi min girki irin wannan ba!"

Sai ga Haulatu, matar tasa, ta miƙe tana gyara mayafi. A natse ta shaida wa shugaban ƙungiya cewa kulolinta ne, dardumar ta falonsu ce, kajin kuma ita ta soya ta aika, don kada ƙawarta ta ji kunya.

Nan take aka mayar da sunan Alimatu, aka sauke oga daga muƙami. Ya zauna jagwab yana sharce zufa, ga esi na ta aiki.

Haulatu ta dube shi ta ce, "Maigida, da na ajiye maka sauran kajin. Amma tunda girkina bai kai ba, khalas, shi ke nan, Alimatu zan kai wa."