Rasuwar Wayar da Ba Ta Taɓa Gyara Mini Rubutu Ba

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Serah, mai tsaron shagon Anti Christiana a Dutse Alhaji, nake sanar da 'yan matan garinmu mazauna Abuja rasuwar wayata. Saura kaɗan ban rubuta wannan sanarwa ba. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka, domin kun san a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma duk zamana a guruf ɗinmu ba wadda ta taɓa ganin dogon rubutuna. Sai na tuna Hausa ce, ita kam na koyi karanta ta a coci tun ina ƙarama, kuma bai dace marigayiya ta tafi shiru ba. Ƙawata Yelwa za ta ɗauki hoton takardar nan ranar Lahadi ta saka muku a guruf.

Marigayiya ta zo hannuna da shekarunta. Anti ce ta gama da ita ta ba ni, da tsaga a goshi, da roba ɗaure a ƙugu don kada murfin baya ya faɗi. Cajinta ba ya kai la'asar. Amma tana da halin da ban samu wurin mutane da yawa ba, ba ta taɓa yi mini dariya ba.

Waɗanda ba su taɓa zuwa shagonmu ba, ga yadda yake. Ɗaki ne a jikin gida, gabansa ƙarfe tun daga kanta har rufi, da 'yar taga ta miƙa kaya. Idan Anti da mijinta, wanda nake kira Dadi, za su tafi ofis, sai su kulle get ta waje saboda ɓarayi, makullin ya bi su. Ni da marigayiya muke yini a ciki tare da sabulu da maggi da ruwan leda. Da ta ce tin-tin daga bayan gwangwanin madara, na san akwai wanda ya tuna da ni a wani wuri.

Babbar hidimarta gare ni ita ce 'yan fuskokin nan masu ruwan ɗorawa. Ku kuna rubutu da Turanci, da sauri, ni kuwa kafin in haɗa kalma uku kun wuce zuwa wata hira. Saƙon murya kuma ba na iyawa, da na danna sai muryata ta maƙale. Marigayiya ce ta rufa mini asiri. An yi haihuwa, in tura zuciya. An yi rashi, in tura hannu biyu a haɗe. Kun tsokane ni, in tura birin nan mai rufe ido. Da haka na zauna cikinku kamar kowa, har Gift ta taɓa cewa ni ce na fi kowa saurin amsa.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hidima ba. Dadi ma'aikacin gwamnati ne, ko gaisuwar safe zai tura sai ya sa aya a ƙarshe. Ya taɓa leƙa wayar ya ce waɗannan kawunan ba magana ba ce, lalaci ne, kuma wanda bai iya jera jimla ba bai iya jera tunani ba. Yelwa kuwa cewa take ai ba jarrabawa ake ba, in dai an gane ka shi ke nan. Ni ina ganin dukansu ba su taɓa riƙe magana a baki su rasa ta inda za ta fita ba.

Ga yadda ajali ya zo. Yelwa tana aiki a wani kamfanin biskit a Idu, ta ce ana ɗaukar masu jera kaya a kwali, kuma akwai wurin katifa ɗaya a ɗakinsu. Ta ba shugabansu, Oga Godfrey, lambata. Ya tambayi sunana, na rubuta, wannan na iya. Ya tambaya ko zan jure tsayuwa, na tura babban yatsa. Ya tambaya ko ina da lafiya, na tura damtsen nan mai ƙarfi. Sai ya rubuto cewa shi ba gaisuwar bikin haihuwa yake karɓa ba. In rubuta masa da kalmomi ko ni wace ce, kuma ko waɗanda nake hannunsu za su sake ni, zuwa Juma'a, don ranar zai rufe ɗauka.

Na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Akwai mai kuka, akwai mai gumi, akwai mai zif a baki. Babu wadda take cewa ban tambayi Anti ba tukuna, ita ta kawo ni Abuja, ina tsoron fuskarta. Na fara rubutu na goge, na sake farawa na goge. Marigayiya ta yi haƙuri da ni, tana ta ja mini jan layi a ƙarƙashin kalmomi ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ranar Talata ina cikin wannan hali na ji ƙarar get, Anti ta dawo da wuri. Na yi sauri na tura wayar bayan kular ruwan leda, ashe murfin a buɗe yake, ƙanƙara kuma ta narke. Ban ji faɗuwarta ba. Sai da Anti ta gama duba kaya ta shiga gida na tsamo ta, tana ɗiga.

An kwantar da ita a buhun shinkafa kamar yadda aka saba. Laraba ta farfaɗo kaɗan, ta buɗe ido fari fat, ta yi girgiza sau ɗaya a tafin hannuna, zzz, irin wadda take yi idan saƙo ya shigo. Ban ga ko na wane ne ba. Likitanta, Yamusa mai gyaran waya da ke da tebur a tsallaken titi, ya zo har bakin ƙarfe tunda mai jinya ba ta fita. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri, ruwa ya ci injin. Ta cika da amsar da zan ba Oga Godfrey a cikinta, rabi a rubuce.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, wadda sai an ɗora mata dutse take aiki. Ta bar abin kunne mai ji ta gefe guda, da robar ƙugunta, da hotunan Mama da ba ni da su a ko'ina. Ta bar layi, wanda Anti ta cire ta sa a jakarta, ta ce za ta adana mini har a samu wata waya, wataƙila wajen Kirsimeti. Ta bar ni.

Masu ta'aziyya sun yi ƙoƙari. Anti ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, dama wayar tana ɗauke mini hankali daga ciniki. Dadi ya ce yanzu na samu lokacin karatu, ya ba ni tsohuwar jarida. Na gode musu duka, na kai jaridar shago ina ƙunshe barkono.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, kafin takardar nan ta iso gare ku, lokacin da baban bola mai sayen tarkace yake wucewa da kurarsa. An riga an yi mata sutura da ledar burodi mai tsabta. Za a miƙa ta ta taga, don mai makoki ba za ta samu raka gawa ba. Ba za a yi zaman makoki ba, shago yana buɗe. Wadda take son yin ta'aziyya ta zo bakin ƙarfe, ko ta same ni a coci, benci na baya kusa da ƙofa. Kada a tura hannu biyu a haɗe, ba inda zai sauka. Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙurin rashi.

Jiya Alhamis na rubuta abin da ke sama. Yau da safe, bayan an kulle get, Manniru mai kawo mana burodi a babur ya tsaya. Mun shekara muna gaisawa da kai kawai. Na ƙirga burodi, na tsaya, shi ma ya tsaya.

“Malam Manniru, ka ara mini wayarka.”

Ya dube ni kamar bai san ina da murya ba, ya miƙo. Lambar Oga Godfrey tana kaina, don ban taɓa ajiye ta da suna ba, kullum ita nake kallo a saman hirar. Na rubuta da Turancina yadda ya zo, ba aya, jan layi ko'ina. Na ce ni ce Serah ta wajen Yelwa, a tsaye nake yini dama, Antina ba ta sani ba amma zan gaya mata yau, a sa sunana.

Manniru ya leƙo ta ƙarfe. “Ƙanwata, ba za ki ɗan sa masa mai murmushi ba? Oga ne fa.”

Na ce a'a, na tura, na mayar masa. Ya ce sai gobe idan ya kawo burodi zai gaya mini abin da aka ce, ya tayar da babur ya nufi hanyar Bwari da amsata a aljihunsa. Na jera burodin a kanta, na share shago. Anti tana dawowa ƙarfe shida.