Lauyan Birai a Zauren Surukai

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Karaye ba. A lokacin na kamu da finafinan nan da birai ke yin wayo su ƙwace duniya, mutane su koma keji. Babu wanda ban kalla ba, kuma (Allah na tuba) har kallon masani nake yi wa kaina.

Kowa ya san ƙa'ida: mai neman aure ya raɓe a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai, abokinsa ya yi magana. Haka muka yi da abokina Sanusi, har mahaifin Hadiza, wadda nake nema, ya fara ƙorafin birai sun addabi masararsa ta bakin daji, gobe zai sa a fita musu da karnuka.

Nan bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, kada a yi haka. Ba sa mantuwa. Suna da shugaba, kuma sukan rama."

Sanusi ya zungure ni, na ture hannunsa. Na zayyana yadda annoba za ta ƙarar da mutane, biri ya rataya bindiga ya hau mulki. Da na ga tsohon ya ƙura mini ido (na zaci ilimina ne ya ratsa shi), sai na miƙe tsaye na daki ƙirji da hannu biyu, in nuna yadda shugabansu ke kiran taro. Har da kukan na yi.

Daga cikin gida mata suka fashe da dariya. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya dubi Sanusi ya ce, "Kai, gaya man gaskiya. Abokin ga naka lahiyatai lau, ko akwai abin da shika sha? Wanga za ni ba ɗiyata?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riga na sallama Hadiza.

Sai da aka aika garinmu Jega aka yi bincike a kaina, aka gano ba ƙwaya ba ce, surutu ne. Baba ya amince, amma da sharaɗi: "Tunda ka san halinsu, kai za ka tsare man gonar har girbi."

Haka na ƙare a tsakiyar masara ina kaɗa gwangwani, rana na gasa ni. Biran kuwa ban ga wani shugaba tare da su ba, gorar furata dai suka sace.

Hadiza yanzu tana ɗakina. Ni kuma na koyi darasi: kafin ka baje ilimi a gaban suruki, duba ko akwai aikin da zai iya ba ka da shi.