Yadda Ake Ɓoye Wa Kawu Mutuwar Tsohon Ƙarfe

Jama'ata, barkanku da warhaka. Ku matso, yau da labari na zo, kuma da darasi a ciki. Kai da kake karanta wa wani babba jerin littattafai, marubuci ya zo ya yi maka aika-aika a na tara, bi matakan nan. Na gwada da kaina, tabbas suna aiki. Na kwana goma sha ɗaya.

Kawuna tela ne, idonsa ya daina ɗaukar ƙananan rubutu. Shekara huɗu ke nan, kullum da yamma ina kan buhun ƙyallaye a shagonsa ina karanta masa labarin wani kumbo mai yawo tsakanin taurari, shi kuma yana taka keke. Littafi takwas muka cinye. Ba ruwansa da Kyaftin, ba ruwansa da yaƙi. Nasa shi ne Tsohon Ƙarfe, mutum-mutumin da ke dafa wa 'yan kumbon abinci, gwiwa na ƙara, baki ba ya hutawa da mita. "Abokina" Kawu yake ce masa.

1. Leƙa kafin ka karanta a fili

Ni na leƙa na taran. Shafi na sha huɗu: tsohon injin ya daina aiki, an kawo sabo. Layi ɗaya tal. Kofi ma in ya fashe a gida an fi yi masa bayani. Daga nan malam marubuci ya kwashe shafi ɗari biyu yana zaman majalisar taurari, ana gardamar wa zai zauna a kujerar gaba. Kumbon da muka sani da gudu an faka shi kamar motar da aka cire wa tayoyi. Bincikena ya nuna marubuci in ya kai na tara, hamma yake yi da biro a hannu.

2. Daidaita maƙogwaronka

Zai tambaye ka, "Ɗan nan, yaya abokina?" Kada ka haɗiyi yawu. Tela ne, rabin rayuwarsa wuyan mutane yake kallo. Amsa da sauri. Ni cewa na yi, "Lafiyarsa ƙalau, Kawu, har ƙiba ya yi." Ƙarfe fa. Ƙiba. Kawu ya ce madalla, ya ci gaba da ɗinki.

3. Riƙe littafin, karanta daga kanka

Ido a takarda, yatsa na bin layi, juya shafi duk minti biyu. Wani lokaci ka yi tuntuɓe da kalma don a yarda. Ni na sa Tsohon Ƙarfe ya kori 'yan fashin sama da ludayi, na kuma haɗa shi soyayya da injin wanki. Kawu ya yi dariya har ya ɗinke wa wani aljihu ruf. Ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya rubutu! Na taran nan ya fi duka." Ka ji fa. Ni da gumi, wancan malalacin da yabo. Haɗiye, yanzu an yarda ka haɗiya.

4. Sa ido kan masu shigowa

Nan na yi sake. Rana ta sha biyu wani malamin makaranta ya zo karɓar wandonsa, ya tsaya yana saurare, ya karkato kai ya leƙa bangon littafin.

"A'a, ai na karanta wannan. Ba shi ne tsohon injin nan ya mutu tun farko ba?"

Keke ya tsaya cak.

Na ƙifta masa ido, na yi tari, na taka masa ƙafa. Ya ce, "Samari, ƙafata ce." Ya ƙara da cewa, "Shafi na sha huɗu ma, in ban manta ba." Bai manta ba. Ilimi ke nan.

5. In an kama ka, karanta gaskiyar

Kawu ya zare tef daga wuyansa ya ajiye. "Buɗe."

Na karanta masa layin.

"Ci gaba."

"Ya ƙare, Kawu."

"Ba wanda ya ce uffan? Kyaftin fa? Shekara nawa yana cin girkinsa?"

"Yana wajen taro."

Sai Kawu ya ɗago ya dubi malamin. "Wandonka bai yi ba. Dawo wani satin." Wandon yana rataye a bayansa, a goge. Sannan ya juyo kaina. "Kai kuma babban maƙaryaci, jefa tarkacen nan ƙarƙashin tebur. Ɗora daga wajen ludayi. Kuma kada na ƙara jin zancen mutuwa a shagon nan."

6. Kada ka ƙarasa littafin kai kaɗai

Wannan matakin ni ban bi ba. Haushi ya sa na ƙarasa, don in samu abin zagi. Sai ga babi na talatin da ɗaya. Kyaftin ya shiga kicin, sabon inji ya miƙo masa abinci daidai wa daida, shiru. Ya tsaya yana jiran a yi masa mita, ba a yi ba. Ya ɗauki kwanonsa ya tafi sito, ya zauna a ƙasa kusa da akwatin da aka zuba tsohon, ya ci a can. Shafi uku kacal. Sau huɗu na karanta a cikin bas, har na wuce tashata. Ashe mugun ya iya, rowa yake yi mana.

To ga ni nan. Shafi ukun da suka fi komai a littafi tara suna hannuna, wanda ya fi kowa cancantar jin su ya hana a ɗaga zancen. Jiya sai da na ɗaura wa ƙarfe aure. Ku, da ku ne, za ku karanta masa, ko za ku ci gaba da zuba?

Sanarwa: duk wanda ya bi matakan nan aka kore shi daga shago, ko aka riƙe masa wando, ko ya tsinci kansa yana share hawaye a bas saboda injin girki, ban san shi ba, bai san ni ba. Ya nemi marubucin. Yana wajen taro.