Ranar da Baba Nomau Ya Tausaya wa Tumatir

A wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, akwai wani malamin ilimin tsirrai, Dakta Lurwanu, mutumin da in ya fara zancen ganye sai ka rantse danginsa ne. Wata uku ya yi yana renon tumatir tukunya arba'in a ɗakin gilashi. Bincikensa a kan wani sinadari ne da tsiro ke haɗawa a jikinsa, mai hana ruwan cikinsa zurarewa idan zafi ya tsananta. Don ya gwada, sai ya jira tsakiyar bazara, ya rufe tagogi, ya yanke musu ruwa, don ya ga wanda zai jure kwana biyar. Da sakamakon zai je taron masana, har ya ba da ɗinkin babbar riga. Abu ɗaya ya manta, bai gaya wa Baba Nomau ba, tsohon mai ban-ruwan sashensu, wanda shekara talatin ganye bai taɓa yaushi a hannunsa ba. Ran Asabar tsoho ya leƙa ya ga tumatir sun langaɓe, tausayi ya kama shi. Ya buɗe tagogi, ya yi musu inuwa da zana, ya shayar da su har suka ƙoshi. Ran Litinin Dakta ya shigo da kayan awonsa, ya tarar da su kore shar, suna ta rangaji. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ya ce, "Baba, wa ya ba su ruwa?"

Tsoho ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ba sai ka yi godiya ba, aikina ne."

"Wace godiya? Aikin wata uku ka rushe mini. Da gangan na bar su. Akwai abin da Allah ya sa a jikinsu mai tsare musu ruwa, shi nake son aunawa."

"Su suka ce maka ya ishe su?"

Dakta ya kama kai. "Baba, duk mai rai an halicce shi da abin jure zafi a jikinsa. In aka ƙyale shi, zai yi aikinsa."

Baba Nomau ya gyara hula, ya ce, "To ai kai ma mai rai ne, Dakta. Amma ran da iyakwandishan ɗin ofishinka ya lalace, ƙarfe goma ba ta yi ba na hango ƙurar motarka."