Tambarin Buhunan Tozai

Har in mutu ba na jin zan manta da shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fid da kai. Mutanen unguwarmu a Tozai suka haɗa kai za su sayo hatsi a kasuwar Sabon Birni, a loda a mota ɗaya da kayan fatake. Tsoron kowa kada buhunanmu su cakuɗe da nasu a hanya, don a shekarar nan ɓatan buhu ɗaya na nufin wani gida ya kwana da yunwa. Aka ce a shafa musu fenti kawai. Ni kuwa, da yake ban daɗe da dawowa daga karatu a Sakkwato ba, sai na ce wannan ai ƙauyanci ne.

Na yi musu bayanin injin leza, wanda wani abokina ke aiki da shi a birni. Za a huda sunan ƙungiya a jikin siririn katako, a ɗora kan buhu, a goga fenti, rubutu ya fito tsaf. Kawuna, wanda shi ne shugaban tafiyar, ya dubi jama'a yana murmushi ya ce, "Ku bar mai, ɗan nan ya san abin da ya ka yi."

Saura zaɓen manhajar zane. Akwai wadda masu injin ke amfani da ita, ba komai a cikinta sai layuka tsirara, kallonta ma gajiya ne. Akwai kuma wata a wayata da ake yin katin biki da ita, mai furanni da haruffa masu rangwaɗa. (Kun riga kun san wadda na ɗauka.) Na rubuta sunanmu, na sa zangarniyar gero, sannan don abin ya yi kama da hatimin gwamnati na kewaye su duka da zobe. Na tura. Abokina ba ya nan, wanda ya tarar da aikin ya danna kawai.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, injin bai san ado ba. Duk layin da ya gani yankawa yake yi.

Ranar kasuwa direba ya kawo saƙon a naɗe cikin kwali. Na ƙi buɗewa sai da dattawa suka taru a gindin mota, har da fataken da ba ruwansu. Na yage kwalin da kaina, na ɗaga katakon sama. Sai na ga fuskar Kawu ta cikinsa. Zoben nan nawa ya yanke tsakiyar gaba ɗaya, babu suna, babu zangarniya, rami ne kawai ƙato. Haruffan kuma ga su nan an zubo mini a leda kamar gyaɗa.

Wani tsoho ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya tambaya da zuciya ɗaya, "Wanga ba bakin masai na ba?"

Fatake suka kwashe da dariya. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai Kawu ya matso. Ya karɓi katakon, ya ɗora a kan buhu, ya ce, "Kawo fenti. Da shi za ni aiki, mota ba ta jiran mu."

Haka na durƙusa ina cike rami da baƙin fenti, buhu bayan buhu, har muka gama. Ko ɗaya bai ɓata ba, don babu bafataken da ya yarda a ga wannan tambari a cikin kayansa.

Yanzu in zan zaɓi manhaja, ba na tambayar abin da za ta ƙawata. Tambayata ita ce, in an yanka, me zai rage a hannuna in ɗaga a gaban mutane.