Hannun da Ya Tsiro

Hannun roba na koyon allura ya fi ƙarfin makarantarmu ta jinya a Gadarif, sai na ce ni zan haɗa. Na cika doguwar safa da dawa irin ta Gadambaliya, na zura tiyon ƙarin ruwa a matsayin jijiya, na ɗura masa jan karkade. Na yi ta cika baki.

Ɗalibaina suka huhhuda shi son ransu, na kulle shi a kabad sati guda. Ranar jarrabawa, a gaban shugabar makaranta, na ɗauko. Dawa ta sha karkade, ta tsiro ta ko'ina.

Shugaba ta juya shi, ta ce, "Ya Ustaz, allura za a yi masa ko noma?"

Har yau, da hadari ya haɗo, sai an tambaye ni ko na yi shuka.